Littafin Baba Yana Bayan Gidanka

Yaya,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara rufin asiri, ya raya mana yara. Mu nan lafiya lau, kasuwar takalma kuma sai godiya. Inna ce dai jiki ya matsa mata, idon ma yanzu sai dishi-dishi.

Dalilin takardar nan, Inna ta tasa mu gaba da zancen wani littafi da marigayi Baba yake karanta mata suna amarci. Ta ce tana so ta sake jin sa kafin ta bi Baba. Sunan littafin ya ɓace mata. Abin da ta riƙe kawai shuɗin bango ne, da hoton masunci riƙe da fitila cikin kwalekwale. Ni da nake taƙamar babu hajar da za ta ɓuya mini, na karaɗe masu tsofaffin littattafai, na dawo hannu biyu.

Sai na nufi laburare. Ma'aikaciyar ta zaunar da ni gaban kwamfuta, ta buɗe kundin littattafansu na intanet, ta tambaye ni me nake nema. Na ce shuɗi, mai ɗan kauri. Ta yi dariya har da riƙe ciki, wai nan ba kantin atamfa ba ne. Ta sa na rubuta masunci. Yaya, na sha ganin kasuwa, amma ban taɓa ganin irin wannan ba! Ba dillali, ba tayi, ba rantsuwa, sai ga littattafai suna zubowa ba iyaka, kowanne da shekararsa, da kantar da yake kwance, da ko yana nan ko an are shi. Ba na garinmu kaɗai ba, har na garuruwan da ban taɓa takawa ba. Na ƙara kalmar fitila, suka ragu. Na sa shekarun auren su Inna, sai ga shuɗin bango ya leƙo. Na ɗauko hoton a waya na kai gida. Inna ta manna shi a hanci, sannan ta ce shi ne, har tsagewar hular masuncin.

To ga inda ikon Allah yake. Kwafi ɗaya tak kundin ya nuna, kuma yana laburaren da ke bayan gidanka, wanda ka ce kana wucewa kullum. Aro kuma sai mazaunin garin.

Na san ka, za ka ce a ɗauki hoton shafukan a turo. Kada ma ka fara. Na gwada karanta mata jarida, ta ce muryata ta masu kiran ciniki ce. Duk cikinmu kai ka ɗauko muryar Baba, kuma rabonka da gida an kwana biyu.

Goggo da Kawu mai gyaran rediyo suna gaishe ka. Ka gaida matar Yaya da su Ƙaramin Baba. Inna ba ta ba da saƙo ba, ta dai sa Auta ta fito da kujerar Baba, an goge, an ajiye kusa da gadonta.

Ƙaninka,
Mai Takalma