Kaskon Garwashi a Sabon Ɗakin Inna

Wara, ƙasar Ngaski,
Jihar Sakkwato.
11 ga Janairu, 1982.

Zuwa ga Yaya Yakubu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri gare ka, kai da Zulaihatu da yara. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ya ƙara maka rufin asiri a wurin aikinka na Kaduna. Mu nan sai godiya. Maigidana yana fita ruwa kullum, amma kifi ya yi ƙasa saboda sanyi, sai dai abin miya. Na yaye Asabe, tana gidan Goggo Asibi tana ta rigima. Jummai matar Kawu ta sauka lafiya, an sami namiji, an sa masa Muhammadu.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kada gabanka ya faɗi, Inna tana nan da ranta, tana cin tuwonta, tana faɗanta yadda ka san ta. Amma ranar Talatar da ta wuce saura ƙiris mu rasa ta, kuma a cikin ɗakin da ka gina mata.

Ka tuna tsohon ɗakinta na jinka, da gadon ƙasa mai rami a ƙarƙashi. In sanyi ya shigo, da la'asar take tura guntun itacen ƙirya a ramin, gadon ya ɗumama har gari ya waye, hayaƙi kuwa ya bi ta cikin jinka ya yi tafiyarsa. Shekara da shekaru haka take yi, ko ciwon kai bai taɓa kama ta ba. Da ka zo bayan damina ka ce uwarka ta gama kwana cikin hayaƙi, ka sa aka rushe ɗakin, aka tayar da na bulo da kwano, da farin sili, da tagar gilashi, da gadon ƙarfe. Ɗaki ya yi kyau, wannan babu musu. Matan unguwa har layi suka yi don kallo, ita kuwa tana nuna musu yadda ake buɗe taga kamar a ciki aka haife ta. Sai dai kai da ka daɗe a birni ka manta da sanyin bakin tafki, wanda yake tasowa daga kan ruwa ya shiga ƙashin mutum. Ɗakin kwano kuwa ba ya riƙe ɗumi ko kaɗan.

Inna ba ta faɗa wa kowa tana jin sanyi ba. Hura itace a ciki kuma ta ce har abada, kada hayaƙi ya ɓata maka farin silinka. Sai ta yi dabara irin tata. Takan ƙona itacen a tsakar gida har ya zama garwashi, ta kwashe a kasko ta tura ƙarƙashin gado, ta toshe ƙasan ƙofa da bakin taga da tsumma, ta sa sakata. A ganinta tunda ba hayaƙi, ba illa. Ni ma na ga kaskon sau biyu ban ce komai ba, don na ɗauka ba illa kamar yadda ta ɗauka.

Ranar Talatar na kai mata kunu da hantsi, na tarar ƙofa a rufe, abin da ba ta taɓa yi ba. Na yi sallama, na buga, shiru. Allah ya taimaka maigidana bai riga ya tafi bakin ruwa ba, shi ya sa kafaɗa ya ɓalle sakatar. Muka same ta kwance, ido a buɗe amma ba ta gane kowa, ta yi amai a kan matashi. Kazarta da take kifewa da kwando a lungun ɗakin saboda sanyi ta mutu, ita da 'yan tsakinta bakwai. Muka fito da Inna waje muka yi ta yi mata fifita, aka kira malamin ɗakin shan magani. Shi ya gaya mana garwashi yana fitar da wata iska da ido ba ya gani, hanci ba ya ji, in ɗaki a toshe yake sai ta kwantar da mutum ya zarce daga barci. Ya ce da mun ƙara awa guda, da wani labarin ake yi. Sai wajen azahar ta dawo hayyacinta, kuma abin da ta fara tambaya shi ne ko za a iya gyara ƙofar kafin ka ji labari.

Ba zan ɓoye maka ba, Yaya, ranar na ji haushinka ƙwarai, har na yi ta maganganu a kanka. Daga baya na sauko, don na san alheri ka nufa, kuma ni da nake kusa na fi ka laifi.

Ɗanbaba, wanda yake gina wa masunta murhun bandar kifi, ya zo dubiya ya kewaya ɗakin. Ya ce abin mai sauƙi ne. Zai gina mata gadon ƙasa jingine da bangon gabas, amma bakin murhun ta waje zai kasance, can za a riƙa tura itace, zafi ya ratsa ƙarƙashin gadon, hayaƙi ya fita ta bututu a bayan ɗaki. Ko ɗigon baƙi ba zai taɓa silin ba. Aikin kwana biyu ne, bushewa kwana huɗu, ƙasa da itace kuwa muna da su. Abin da ake bukata kawai a huda bangon wuri biyu. Ya zo da gudumarsa washegari, Inna ta fito da sandarta ta tsaya a gindin bango. Ka san ba ta kama sunanka, kai ne na fari. Cewa ta yi, "Bangon ga ba a hwasa shi sai mai shi ya ce da bakinai." Kawu ya yi magana, Goggo Asibi ta yi, liman ma ya sa baki, ta ce ta ji, amma ba ta yarda ba.

Na ɓoye kaskon, na dawo na tarar ta zuba garwashi a fasasshiyar tukunya. Don haka na bar ɗakina na tare a nata, ina kwana a kan tabarma, ba wuta, ƙofa a ɗan buɗe. Barguna uku nake lulluɓa mata, amma gwiwoyinta sun sandare, sallar asuba a zaune take yin ta, ga tari ya fara. Sanyin nan kuwa da sauransa, kuma ba kullum zan iya tsare ta ba. Ina tsoron ranar da zan juya baya.

Abin da nake roƙo, ka rubuto da hannunka cewa a huda bangon. Kada ka ce "in tana so", don za ta ce ba ta so. Ka ce kai ne ka ba da umarni. Kada kuma ka aiko da wani bargon ko risho a maimakon amsa, na san halinka. Ka ba direbobin da ke zuwa Yelwa takardar su bar ta a tasha, maigidana zai karɓo, don ta gidan waya sai ta yi mako uku a hanya.

Ka gaishe mini da Zulaihatu da kyau, da Hawwa da ƙannenta. Kawu da Jummai da Goggo Asibi duk suna gaishe ku, haka ma maigidana. Inna tana zaune a rana kusa da ni tana murza gwiwa. Ta ce in sa maka albarka, in kuma faɗa maka ɗakin ya yi mata daidai, ba ta jin sanyi ko kaɗan. Na rubuta ne don ta ce in rubuta.

Ni ce ƙanwarka,
Ladidi.