Na Ƙarasa Maka Kantar Masallaci

Zuwa ga maigidana, Baban Ummi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa da roƙon Allah Ya haskaka makwancinka, ina sanar da kai cewa ni da Ummi muna nan lafiya a Badarawa. Na san takarda ba ta kaiwa inda kake. Amma shekara ashirin da uku na saba duk abin da ya faru kai nake fara faɗa wa, bakina bai daina ba tukuna. Ummi ta ce in rubuta ta sa a waya, wai ko wata za ta karanta ta tsira da wuyanta.

Maganar kantar nan ce ta ajiye Alƙur'anai, wadda ka yi wa masallacin layinmu alkawari. Ka yanka katako, ka haɗa, saura guga da banish ciwo ya kwantar da kai. Da aka kwaso kayan shagonka daga Kawo, a ƙarƙashin rumfar tsakar gida aka jingine ta, tare da injinka na goge katako.

Sati biyu da fitata takaba matar Liman ta shigo. Ta ce azumi ya ƙarato, Alƙur'anai har yanzu a kwali suke, idan na yarda za a ba Ɗanliti kafinta ya ƙarasa.

Ɗanliti fa, Baban Ummi! Kai ne kake cewa, "Ɗanliti ba ya goge katako, banish yake lafta masa ya rufe kunya." In bari sadakarka ta ƙarshe ta fita daga hannunsa, mutane su riƙa cewa kantar Ɗanliti? Na ce mata a ba ni zuwa Juma'a, ni zan yi. Har ta fita ina mamakin bakin da ya faɗi haka.

Ranar Litinin da hantsi na yi alwala, na zumbula dogon hijabina mai ruwan toka, don a ganina aikin masallaci ne, sai da kamala. Na sa wayar injin a soket, na yi bisimilla, na danna. Injin nan ya yi wata ƙara, ya zabura kamar ɗan akuya. Ban ankara ba ya cafke bakin hijabin ya fara haɗiya. Yana ci yana jawo kaina ƙasa, har na yi ruku'u ban yi niyya ba. Da Ummi ba ta fizge waya daga bango ba, da yanzu ba wasiƙa nake rubuta maka ba, da baki zan ba ka labari.

Ina zaune a ƙasa ina haki sai na ji muryarka. Ka tuna yadda kake korata in na kawo maka abinci shago mayafina yana lilo? "Ja baya, Sa'a. Inji bai san matar maigida ba. Duk abin da ke reto a jikin mutum nasa ne." Lokacin haushi nake ji, ina cewa kunyar abokanka kake ji. Ka yafe ni. Hijabin kuwa yanzu tsumman goge tukunya ne.

Washegari na yi shiri na gaske. Na sa sakata a ƙofa, na cire awarwaro da zobe, na ɗaure ɗankwali tamau na cusa jelarsa ciki. Na buɗe akwatinka na ɗauko tsohuwar rigar aikinka mai ruwan ƙasa da wandonta. Na sa tabaranka na roba da takunkumin hanci, na toshe kunne da auduga. Rigar har yanzu tana ƙamshin katako da kai. Na ɗan jima a tsaye kafin in iya fita.

Wannan karon na bi yadda nake ganin kana yi. Na kwantar da kantar na matse ta da ƙarafan nan naka don kada ta gudu. Na jefa wayar ta bayan kafaɗata. Samfefa mai kaushi na fara sawa, kuma sai da na zare waya kafin in sa ta, don yatsuna goma nake so in je da su lahira. Na riƙe da hannu biyu, ina bin tsawon katako. Da na danne da ƙarfi sai ya ƙwaƙule wuri, na tuna kana ce wa yaron shagonka, "Kada ka danne shi, raka shi kawai za ka yi." Ramin yana nan a gefen hagu, ɗan ƙarami. Kada ka duba.

Ashe Ummi da za ta tafi makaranta ta zare sakata. Iya Abu ta gidan kusa ta shigo aron turmi. Ka san ta da ido ba ya gani sosai amma baki yana gani. Ta tarar da mutum a rigarka da wandonka, fari fat da garin katako tun daga kai har ƙafa, ya sunkuya kan aikinka. Ni kuma kunne a toshe ban ji sallama ba. Da na ɗago na dube ta da tabarau, sai ta saki taɓaryar da ta zo da ita ta kwasa a guje, takalmi ɗaya a gidanmu ɗaya a kwata. Har bakin titi ana jin ta tana cewa, "Malam, mun yafe maka, ka koma! Wallahi mun yafe maka!" Me ka yi mata, Baban Ummi? Na tambaye ta daga baya ta ce ba komai, tsoro ne ya sa ta yafe a kan kari.

Da ƙyar na shawo kanta ta yarda ni ce. Sai ga ranar Laraba.

Ina cikin aiki wajen ƙarfe sha ɗaya aka ɗauke wuta. Na yi tsaki, na ajiye injin a ƙasa, na tafi ɗora miyar kuka. Na manta ɗan maɓallin nan da ke riƙe shi a kunne yana danne. Iya Abu ta zo ta zauna a tabarma tana taya ni gyaran wake, tana ba ni labarin yadda ita fa dama ba ta tsorata ba. Sai aka kawo wuta.

Injinka ya tashi shi kaɗai. Ya ratsa tsakar gida a guje babu mai riƙe da shi, ya watsa kaji, ya ture farantin wake, ya nufi tabarma. Tsohuwar da ke cewa gwiwa ta hana ta sallah a tsaye, sai ga ta a kan randa. Allah Ya sa waya ta ƙare ta fizge kanta daga bango, ya tsaya daidai bakin murhu yana huci. Daga kan randa Iya Abu ta ce, "Sa'a, ki faɗa masa ya bari ki gama, ai kina ƙoƙari."

Na yi dariya har na zauna. Can kuma na tuna jikokin Iya Abu nan suke rarrafe kullum. Tun ranar, ana ɗauke wuta kafin in ce komai sai na kashe na zare waya. Kai ma haka kake yi, ni ce ban taɓa tambayar dalili ba.

Ranar Alhamis na sa samfefa mai laushi na bi ko'ina, har katako ya koma kamar kumatun jariri. Saura baya, wajen da zai jingina da bango. Na juya kantar, na kunna, na kawo injin kusa, sai na ga rubutun fensir. Rubutunka ne, mai karkata kamar zai faɗi. Awo ne da lambobi. A ƙasa ka sa, "Na ƙasa na tsofaffi ne, kada su sha miƙa." A gefe kuma, ƙanana, ka rubuta: "Daddawa. Zaren ɗinki baƙi. Maganin ciwon kan Sa'a."

Baban Ummi! Ranar nan ce da ka dawo da zare da magani babu daddawa, ka rantse ban faɗa maka ba. Har kwana muka yi ba ma magana sosai. Ashe ka rubuta da hannunka. Ga shaida na samu, ga shi babu wanda zan nuna wa in ce ka gani.

Sai da na kashe inji, na zare waya, na ajiye shi a gefensa, sannan na yi kukana. A cikin tabarau na yi shi, ya cika da ruwa ban ga komai ba.

Ban goge wajen ba. Na zagaye shi, na shafa banish a kai yadda ba zai gushe ba. Jiya Juma'a maza huɗu suka ɗauke ta. Matar Liman ta ce mijinta ya shafa ta sama da ƙasa ya yi maka addu'a da sunanka, jama'a suka ce amin, kuma tsofaffi tuni sun kama layin ƙasa. Babu wanda ya leƙa baya. Alƙur'anai suna gaba, daddawata tana fuskantar bango, daga ni sai kai muka sani.

Allah Ya karɓi sadakarka. Duk harafin da aka karanta daga kantar nan Allah Ya kai maka ladansa, Ya yalwata kabarinka, Ya yafe maka kurakuranka. Ni dai na yafe maka duka, har daddawar. Allah Ya haɗa mu a gidan da ba a rabuwa.

Matarka,
Sa'a