Jarka Mai Shuɗin Murfi

Maigida,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya jiki, ya hannun? Allah ya ƙara sauƙi. Ina gaida Yaya da ke zaman jinyarka, ita ce ma za ta karanta maka wannan, tunda likita ya ce maganar ba ta dawo ba tukuna. Na gaji da kiran waya ina ta zuba ni kaɗai, ba na jin komai sai numfashinka.

Na san ba labarina kake so ba, na 'ya'yanka na cikin gilashi kake jira. To, jatan landenka uku suna nan lafiya a tankinsu, kifin nan biyu ma haka. Shekara shida ina mitar ka kawo mana teku falo, yau ga ni ina yi musu bauta safe da yamma. Wanzami, jatan landen nan mai farin layi a gadon baya, kullum yana bakin gilashi yana kaɗa gashin bakinsa, hannunka yake nema ya hau ya yi maka tsaftar farce kamar yadda ya saba. Ni dai ban sa nawa ba, tsoro nake ji.

Ran Talata na sha kuka a banza. Na tarar da shi kwance a kan yashi ba motsi, har na ɗauko cokali zan kwashe gawa, sai ga shi ya leƙo daga bayan dutse. Ashe saɓa ya yi, rigar ce kawai. Na ajiye maka ita a gwangwanin da kake zuba ƙananan kusoshin agogo.

Zafi ya sa ruwan yana raguwa sosai. Kada ka damu, duk kwana biyu ina cika shi daga jarkarka mai jan murfi, ta ruwan gishiri, har na koyi haɗa sabo da garin gishirin da ka bari. Ɗaya jarkar, mai shuɗin murfi, na ɗanɗana na ji salam, ba gishiri ko kaɗan, sai na kai ta ɗakin ɗinki. Dutsen gugata mai tururi bai taɓa samun ruwa mai kyau irinsa ba.

Yaya ta ce ka fara motsa babban yatsa. Ka dage, Wanzami yana jira.

Taka mai surutu,
Aku

Maigida,

Bayan gaisuwa da tambayar jiki, ina fata ka kwana lafiya. Yaya, sannu da ƙoƙari.

Raina a ɓace yake, gara in faɗa. Yaya ta ce ranar da ta karanta maka wasiƙata ka ture kofi, ka yi ta bugun ƙarfen gado da hannun hagu har sai da nas ta shigo. Ta ce in daina yi maka zancen tanki, yana tayar maka da hankali. Sannan da na zo dubiya, awa huɗu a mota, ka riƙe bakin mayafina kana girgiza kai, ni ina ba ka labari, kai kana hawaye. Na dawo ina tambayar kaina laifin me na yi. Sati uku na yi ban rubuta ba, fushi nake yi da kai.

Amma dole in karya dokar Yaya. Jatan landenka da kake kira Matsoraci ya mutu. Ya fara saɓa, rigar ta maƙale masa a tsakiyar jiki, rabi a waje rabi a ciki. Yini guda yana juyi a kan yashi yana harba ƙafafu, ni ina tsaye da almakashi a hannu ban san abin da zan yanka ba. Ƙaramin cikinsu kuma ya daina cin abinci, jansa ya koɗe, yana tafiya yana faɗuwa gefe kamar mai jiri. Kifin suna ta haki a sama.

Ban yi sakaci ba, Allah ne shaida. Na wanke soson tace ruwan, na rage abinci, ruwa kuwa bai taɓa sauka ƙasa da layin da ka zana ba. Har na ƙara yawan cikawa, ko sabon ruwa zai taimaka. Wani farin ɓawo ya taru a bakin murfin tankin, ina gogewa yana dawowa.

Wanzami na nan, sai dai ya bar zuwa bakin gilashi. Gobe zan rufe ɗinki in je in ɗauko mai shagon kifi da kaina.

Taka,
Aku

Maigida,

Ina gaishe ka, ina gaida Yaya. Yaya, don Allah kada ki tsallake ko layi ɗaya.

Mai shagon kifi ya zo. Ya ɗiga ruwan a kan abin awonsa, ya duba, ya wanke, ya sake ɗigawa. Sai ya tambaye ni da me nake cika tankin. Na nuna masa jarka mai jan murfi ina alfahari. Sai ya ce, "Ruwa ne ke tashi, gishirin ba ya zuwa ko'ina. Wanda ya ragu, da ruwa zalla ake mayarwa." Ya tambaya ko ba ka bar wata jarka daban ba. Na je na ɗauko ta daga ƙarƙashin keken ɗinki, saura kaɗan a ciki.

Sati shida ke nan ina zuba musu gishiri a kan gishiri da hannuna. Ƙaramin ya mutu kafin mutumin ya zo. Ya ce a sauko da gishirin a hankali, kofi-kofi, don gaggawa ma kisa ce. Na bi duk abin da ya ce. Kifin sun farfaɗo. Wanzami ya kwana uku, ya fara saɓa da safiyar Litinin, bai iya fita ba. Na sa hannuna a ruwan, karo na farko, na tara masa tafina. Ya taɓa yatsana da gashin bakinsa, bai hau ba. Kafin rana ta yi tsaka ya daina motsi.

Mai shago ya ce yana da wani mai kama da shi sak, ba za ka gane ba. Na ce a'a, mutumin da ke gane agogo da ƙararsa ba a yi masa haka.

Ba mutuwarsu ce ta fi cina ba. Jiya na tuna wasiƙata ta farko, kalma bayan kalma. Ni na rubuta maka yadda nake kashe su, aka karanta maka, ka ji, ka sani tun ranar. Ka bugi gado, aka kira nas. Ka ja mayafina, na ɗauka kewa ce, na ci gaba da labarin maƙwabta. Wata guda kana kwance kana lissafin kofin gishiri, ni kuma ina nan ina fushi wai ba ka gode ba. Shekara ashirin da biyu ina ƙarasa maka magana kafin ka kai ƙarshenta, kana dariya kana ce mini Aku. Ban san ranar da zai zama abin kuka ba.

Ka yafe mini. Na mayar da jarkar inda ka ajiye ta, na cika ta. Ran Asabar zan zo da kwali, na rubuta baƙaƙe manya-manya a kai. Ka nuna da hannun hagu, ɗaya bayan ɗaya, ko yini za mu yi. Ko zagi ne ka nuna, zan jira har ka gama, ba zan ce uffan ba.

Matarka