Matan Zumunta a Ƙarƙashin Laimata

Tudun Fulani, Minna.

Zuwa ga ƙanena Godwin,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, tare da addu'ar kana lafiya, kai da Hadassah da yara a can Fatakwal. Mu nan jikinmu lafiya, sai ƙafar Mama da take tashi idan an yi ruwa. Ka lura, wannan rubutun hannuna ne. Na gama ajin manya, kuma malaminmu ya shaida natsuwata a gaban kowa.

Bayan haka, ina cikin tsoro, kuma kai kaɗai zan faɗa wa. Ka san lambun shaƙatawar da na buɗe bayan na bar aiki, na gasasshen kifi da lemo da kallon ƙwallo. To, ba a zuwa. Na yi nazari mai zurfi, na gano mutumin Minna ba ya shiga wurin da babu kowa. Zai rage gudun babur, ya leƙa, ya ga kujeru wayam, ya wuce. Matasa kuma sai sun duba waya sun ga abin da aka rubuta a kan wuri kafin su taka shi. Na roƙi 'yan kaɗan da suka ci kifina su rubuta yabo, suka ƙi. Wani Mujahid ya ce yabon da sunan mutum yake fitowa, shi kuwa aure yake nema, ba ya so surukinsa ya san inda yake hira.

Sai na yi dabara. Na roƙi matata Theresa ta kawo matan zumunta na cocinmu ranar Asabar, su cika kujerun don masu wucewa su ga jama'a. Suka zo sanye da zanen zumunta, suka ci kifi, suka ɗauki waƙa. Mutum ɗaya ne ya tsaya, shi ma tambaya ya yi ko wane ne ya rasu.

Laimomin lambun kuwa na hannu ne, na saye su a wata mashaya da aka rufe, kowace da hoton kwalbar giya a jikinta. Wani da ban sani ba ya ɗauki hoton matan, ya sa a shafin lambun na intanet, ya rubuta cewa nan iyayen coci suke shaƙatawa. Theresa tana tsakiya tana tafi, kwalbar daidai saman kanta.

Jiya Dattijo Andrawus ya tare ni, ya ce majalisar dattawa za ta zauna ranar Lahadi, ana maganar sa Theresa ƙarƙashin horo: a sauke ta daga shugabancin zumunta, a mayar da ita bencin baya, a hana ta jibin Ubangiji. Na ce masa ko ɗigon giya ban taɓa sayarwa ba, ya ce hoton ya riga ya shiga kowane gida. Ita ba ta sani ba tukuna.

Na latsa ko'ina a wayata, hoton bai goge ba. Direban Fatakwal zai kawo maka wannan takarda; kai da ka san waya, ka koya mini yadda ake cire shi, kuma ka kira Dattijo, yana jin maganarka. Idan abin ya gagara, zan tashi a gaban jama'a in roƙa a zaunar da ni a bencin nan maimakonta, sai dai ban sani ba ko ana karɓar miji a madadin mata.

Ka gai da Hadassah, da Kingsley, da ƙaramarmu Treasure. Ku sa Theresa a addu'a.

Ni ne yayanka,
Gaiya.