Akwatin da Na Matsar Ban Rubuta Ba

Malam Dikko, don Allah ka taimake ni, abin nan ya hana ni sakat.

Shekara ashirin da fuɗu nake awon zafi a wani ofishin gona a Tambuwal. Safe da la'asar in buɗe farin akwatin da ma'aunin ke ciki, in rubuta abin da na gani. Ko ranar sunan 'ya'yana ban fasa ba. Da can akwatin yana tsakiyar fili cikin ciyawa. A 1977 shanu suka kayar da shi sau biyu, raina ya ɓaci, na tumɓuke shi na kafa jikin sabon siton taki mai daɓen siminti da rufin kwano. Ban rubuta ba, don a ganina zafi zafi ne.

To, bana Malami, ɗan marigayi aminina, wanda ke karatu a jami'a, ya kwashe littattafan awon nawa ya lissafa. Ya zo da murnarsa, wai ya gano ƙasarmu ta ƙara zafi tun 1977, kuma a kan haka zai rubuta takardar kammala karatunsa. Har ya sa sunana a shafin godiya. Gindin siton nan kuwa ko akuya ba ta kwanciya da rana saboda zafi. In na faɗa, na rushe masa aikin shekara, girmana ya zube. Saura wata biyu ya miƙa, kuma wallahi kunya nake ji.

Mai Awo, Tambuwal

Mai Awo, sannu. Laifin shanu ya ƙare ranar da suka kayar da akwati, sauran naka ne. Na san kunyar tana da nauyi, kuma tausayin Malami da kake ji gaskiya ne. Amma in malamansa suka gano da kansu, shi zai tsaya gabansu yana zufa, kai kana Tambuwal.

Ka kira shi wannan makon, ka nuna masa tsohon gurbin da sabon, ka faɗi watan. Sai ya nemi awon wani gari kusa, ko Kebbe ko Jabo, inda ba a taɓa akwati ba, ya gwama. In can ma zafi ya hau, maganarsa ta ƙara ƙarfi. In bai hau ba, kwanon sito ya auna, kuma gara ya sani yanzu.

Shekara ashirin da fuɗu kana rubuta gaskiya, layi ɗaya kawai ka tsallake. Ɗauko alƙalami ka cike shi. Allah Ya sauƙaƙa, Ya ba Malami sa'a.