Izinin dubawa kawai

Magariya, daren Laraba

Tun da aka kwashe dosiyoyin ƙungiyarmu ta manoma, wato takardunmu na aiki, daga kabad aka zuba su a babbar ordinater, na'urar da duk biro, wato ofishinmu, ke shiga ta rezo mai haɗa na'urori, raina bai kwanta ba. Yau na gane dalili.

Na buɗe dosiyen garin Waca domin in gyara sunan wani ƙauye, na'ura ta ƙi. Ma'aikacin da ya zo daga Damagaram ya haɗa mana na'urar ya ce, "Baba, izininka na dubawa ne kawai. Na gyarawa yana hannun Hadiza."

Wai na'ura ta bi sunan wanda ya rubuta kowane dosiye, ta ba shi iko a kansa. Ni kuwa tsawon aikina na shugabancin biro ban taɓa buga rubutu da hannuna ba. Nakan tsaya in faɗa, Hadiza sakatariya ta buga. Maganar tawa ce, sunan nata.

Da yamma mutanen garin Sassumbrum da suka zo neman gyara suka gaishe ni da ladabi, suka wuce teburinta. Har dariya suka yi tare. Ta ce, "Baba, in akwai gyara faɗa mini, yanzu-yanzu ne." Ba ta yi laifin komai ba, amma shayin da ta aiko mini ban iya sha ba.

Gobe a taro zan ce: ina roƙon haɗin kan kowa, mai neman gyara ya daure ya fara tsayawa a teburina, ko da yake ni ma daga nan wurin Hadiza zan kai.