Waɗanda Ba Su da Baki

Litinin, 3 ga Maris
Garejina na Hobart, ni na gina shi. Walda, ni na koya wa kaina. Daga aji uku na bar sakandare, ba wanda ya taɓa riƙe mini ko sifana. Tankin ruwan sanyin da ke cikin jirgin ruwan nan ma ni, Rodney Direen, na ƙera shi. Gara in tuna wa kaina, tunda teku ya daskare, ƙanƙara ta kewaye mu, ba gaba ba baya.

Alhamis, 6 ga Maris
Muna nan. Fari ta ko'ina.
Dakta Ngaire, mai binciken halittun teku, ta sa na leƙa madubinta mai ƙara girman abu in ga abin da tankina ke rayawa, wasu halittu masu suna burayozowa da aka ɗebo daga ƙasan teku. A ido kamar tsohon leshi. A madubi kuwa ɗakuna ne dubbai a manne da juna, kowanne da ɗan mitsitsin dabba, nan aka haife shi, nan zai mutu.
Ta ce, "Wasu ko baki ba su da shi. Maƙwabta ke tura musu abinci ta ramukan bango."
Na ce, "Ragwaye dai."
Ta ce in ruwan teku ya daina zagayawa a tankin, duk za su mutu, wahalarta ta shekaru ta tashi a banza.

Asabar, 8 ga Maris
Bututun ruwa ya daskare. Doka ta ce ba a fita waje mutum ɗaya. Wa zan jira? Na cire safar hannu don in ji daɗin aiki. Ruwa ya dawo. Yatsuna sun yi fari fat.

Talata, 11 ga Maris
Bandeji, hannu biyu. Sanyi ya ƙone mini yatsu. Likita ta ce ban da fita daga ɗaki. Biron nan ma Tevita, kukunmu, shi ya ɗaure mini a jikin bandejin.

Laraba, 12 ga Maris
Tevita da miyar kabewa a cokali. "Buɗe baki, maigida, ga jirgi zai shiga gareji." Na ce ya ajiye, zan iya. Ya ajiye. Na kalli kwanon har ya huce. Tevita ya ɗumamo, ya sake miƙo cokalin.
Bango, rufi, 'yar taga.

Juma'a, 14 ga Maris
Famfon tanki ya tsaya. Ngaire ta shigo ko sallama babu, idonta ja. Aka kai ni wurin famfon na zauna a kan bokiti, Tevita ya ɗauki sifanata. Tawa!
"Hagu, mai tukunya! Naman rago kake yanka?"
"Tsoho, kai da ba ka da hannu, ka rage baki mana."
Ngaire na riƙe da tocila. Sai muka ji ruwa, ƙul-ƙul. Da ta duba a madubi, ƙananan dabbobin sun sake fito da gashinsu na kamo abinci, suna kiwo.
Da ni ne, da na fi sauri.

Lahadi, 16 ga Maris
Ƙanƙara ba ta motsa ba. Na ce Ngaire ta nuna mini marasa bakin nan. Don in duba tsabtar ruwa ne kawai. Ashe su ke riƙe tushen ɗakunan duka, wasu kuma gadi suke yi.
Ta ce za a manna allon suna a jikin tankin. To, a rubuta sunana, cikakke, da manyan baƙaƙe, kada a gajarta mini ko harafi: RODNEY DIREEN. Na gaya mata a yanko allon da faɗi. Cikakken sunan Tevita dogo ne.